An ce ƙirƙirarka "a fili take": yadda ake amsa wa jami'in tantancewa kan na'urar ji ta ƙashi

"Malam, ni injiniya ne. Na ƙera abin sauraro irin wanda ba a cusa shi cikin kunne, a kan ƙashin gaban kunne ake ɗora shi, sautin ya bi ta ƙashi. Abin da na sauya shi ne fuskar da ke taɓa fata: tsakiyarta mai tauri ce, kewayenta roba ce mai laushi, sannan na daidaita ƙarfin matsewar ɗamarar da ke zagaya ƙeya. Na nemi haƙƙin ƙirƙira a ofishin USPTO na Amurka. Bayan dogon jira sai ga wasiƙa, an ƙi da'awoyina gaba ɗaya, wato jimlolin da suka fayyace abin da nake neman a kare mini, a ƙarƙashin sashe na 103 na dokar haƙƙin ƙirƙira. Jami'in ya jero tsofaffin takardu uku: ɗaya ta na'urar ji ta ƙashi, ɗaya ta hedifon na yau da kullum mai matashi hawa biyu, ɗaya ta na'urar taimaka wa masu matsalar ji. Ya ce duk mai sana'ar zai iya haɗa su don a ji daɗin sawa. Amma ba ko ɗaya a cikinsu da ta yi abin da na yi. Ta yaya abin da babu wanda ya taɓa yi zai zama a fili? In haƙura ne, ko akwai abin yi?"

Ɗan'uwa, kada ka haƙura tukuna. Wasiƙar farko da ta ƙi komai ba baƙon abu ba ce a wannan aiki, kuma sashe na 103 shi ne hujjar da muka fi cin karo da ita. Tambayarka ta ƙunshi abu biyu: me ya sa rashin wanda ya riga ka bai isa ba, sannan da wace hujja ake karya irin wannan haɗi na takardu uku. Na biyun ne ya fi buƙatar bayani, domin a nan ne na'urar ji ta ƙashi take da wata dama da sauran kayan sauti ba su da ita.

Sabo daban, zurfin dabara daban

Dokar Amurka tana yi wa ƙirƙira tambayoyi biyu da mutane kan cakuɗa. Sashe na 102 yana tambaya ko akwai takarda guda ɗaya tak da ta riga ta nuna duk abin da ka rubuta a da'awarka. Jami'in bai kafa maka hujja da wannan ba, ke nan bai samo takarda ɗaya da ta ƙunshi komai ba. Sashe na 103 kuwa tambayarsa ita ce: da a ce kafin ranar da ka shigar da takardarka an zaunar da wani matsakaicin gwani na fannin, ba hamshaƙi ba kuma ba ɗan koyo ba, aka baje masa duk abin da duniya ta riga ta wallafa, shin zai isa ga abin da ka yi ba tare da wata dabara ta musamman ba? Saboda haka cewa "ba ko ɗaya da ta yi abin da na yi" amsa ce ga tambayar da ba a yi maka ba. Tun a shari'ar Keller ta 1981 aka tabbatar cewa ba a karya haɗin takardu ta hanyar sukar kowace ita kaɗai. Haɗin kansa ake kai wa hari.

Asalin wannan ƙa'ida tsoho ne. A shari'ar Hotchkiss da Greenwood ta 1851, Kotun Ƙolin Amurka ta ƙi amincewa da haƙƙin wanda ya yi mariƙin ƙofa da yumɓu ko tangaran maimakon katako ko ƙarfe, ta ce sauya kayan haɗi kawai aikin ƙwararren ma'aikaci ne, ba na mai ƙirƙira ba. Dokar 1952 ta sa ƙa'idar a rubuce. A 1966, a shari'ar Graham da kamfanin John Deere, kotun ta shimfiɗa matakan da har yau jami'i ke bi: a gano abin da tsohuwar fasaha ta ƙunsa, a fito da bambancinta da da'awar, a auna matsayin gwanin fannin, sannan a dubi shaidun zahiri kamar daɗewar buƙata da gazawar waɗanda suka gwada a baya.

Wadda ta fi shafarka ita ce shari'ar KSR da Teleflex ta 2007, a kan totur ɗin mota mai daidaituwa da aka haɗa shi da na'urar lantarki mai gane matsayinsa. Kafin ita, ana yawan neman jami'i ya nuna inda tsohuwar fasaha ta yi ishara da a haɗa kaza da kaza. Kotun ta ce wannan ya yi tsauri: haɗa sanannun abubuwa ta sananniyar hanya, kowanne yana aikin da aka san shi da shi, sakamakon kuma wanda ake tsammani ne, galibi a fili yake. Amma a hukuncin dai ta nanata cewa dole jami'i ya bayyana dalilinsa dalla-dalla bisa tushe na hankali, ba ya yanke magana a dunƙule ba. Riƙe waɗannan kalmomi biyu, "aikin da aka san shi da shi" da "sakamakon da ake tsammani", domin a kansu amsarka za ta tsaya.

Me ya sa fannin ya cika maƙil

Masu ƙera wannan na'ura kan ɗauka sabon fage ne, alhali rumbun jami'in cike yake. Hugo Gernsback ya bayyana wata na'ura da ya kira Osophone a 1923, wadda ake cizawa da haƙora sauti ya shiga ta ƙashin muƙamuƙi. A 1932 Georg von Békésy ya nuna cewa sautin da ya bi ta ƙashi da wanda ya bi ta iska wuri ɗaya suke motsawa a can cikin kunne, a sashen nan mai siffar katantanwa. A 1977, a Gothenburg ta ƙasar Suwidin, Anders Tjellström ya fara dasa wa marasa lafiya ƙusar ƙarfen titaniyam a ƙashin bayan kunne don a maƙala na'urar ji kai tsaye, bisa binciken Per-Ingvar Brånemark kan yadda titaniyam ke haɗewa da ƙashi. Gilashin Google Glass na 2013 ma da na'urar jijjiga ta ƙashi ya fito, ga kuma kamfanoni irin su Shokz masu tarin takardu kan hedifon na 'yan wasanni. Jami'in yana buɗe rukunin H04R 2460/13 da H04R 25/606 na tsarin rarraba takardu, sai ya tarar da aikin shekara wajen ɗari. Duk wani ɓangare na na'urarka, maganaɗisu ne, sifirin ne, ɗamarar titaniyam ce, ramukan rage yoyon sauti ne, akwai inda aka taɓa zana shi. Shi ya sa a wannan fanni kusan duk ƙirƙira haɗi ce, kuma ƙin da aka fi cin karo da shi na sashe na 103 ne.

Inda haɗin jami'in yake da rauni

Yanzu dubi takardarsa ta biyu, ta hedifon mai matashi. A hedifon na yau da kullum, lasifika tana tura iska, iska ta bi ramin kunne ta bugi dodon kunne. Matashin ba ya kan hanyar sauti. Aikinsa ya toshe gefe kada iska ta tsere, kuma ya hutar da fata. Ƙara masa laushi bai rage komai daga abin da ke isa kunne ba, sau da yawa ma yana gyara toshewar.

A na'urar ƙashi kuwa, fuskar da ke taɓa fata ita ce hanyar sautin kanta. Jijjigar tana fita daga faranti, ta ratsa abin da ke tsakani, ta ratsa fata da tsokar da ke ƙarƙashinta, kafin ta kai ƙashi. Duk abu mai laushi da aka sa a tsakiya yana zama kamar sifirin da ke shanye jijjigar, kuma siraran sautuka ne suka fi shan wahala, waɗanda da su ake bambance baƙaƙe irin su "s" da "f" a magana. Fatar mutum kaɗai tana cin wani kaso na waɗannan sautuka, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa likitocin Suwidin suka tsallake fatar gaba ɗaya da ƙusa. Gwanin fannin ya san wannan sarai. Don haka idan aka miƙa masa takarda ta farko da ta biyu aka ce ya sa matashi mai laushi a fuskar na'urar don jin daɗi, abin da iliminsa zai faɗa masa shi ne zai lalata abin da aka yi na'urar dominsa. Akwai ƙa'ida daga shari'ar Gordon ta 1984, inda jami'i ya ce a kifa wata matata ƙasa ta koma sama, kotu ta ce in an kifa ta ba za ta yi aikin da aka yi ta dominsa ba, don haka babu dalilin yin hakan. Ga ta Ratti ta 1959 kuma: haɗin da zai sauya ainihin yadda na'ura ke aiki bai isa hujja ba.

Amma ka shirya wa martaninsa. Zai ce ba cewa ya yi a ciro matashin sukutum a manna ba, darasin takardar yake nufi, wato a yi amfani da tauri iri biyu. Zai kuma ce asarar wani amfani don samun wani ba ta soke dalilin haɗawa, kuma kotuna sun sha faɗin haka. A nan ne za ka tambaye shi abu ɗaya: a takarda ta biyu, ina mai taurin yake, ina mai laushin yake? Idan hawa-hawa suke, mai tauri a ƙasa kusa da kwanso, wato jikin na'urar, mai laushi a sama yana rufe duk inda ke taɓa fata, to darasinta shi ne laushi ya shiga tsakanin na'ura da fata ko'ina. Kai kuwa gefe da gefe ka jera su, mai tauri a tsakiya yana taɓa fata kai tsaye, mai laushi ya kewaye shi. Babu abin da zai kai mutum daga hawa-hawa zuwa gefe da gefe sai in ya riga ya ga zanenka. Wannan shi ne leƙen amsa, kamar wanda aka faɗa wa amsar kacici-kacici sannan ya ce ai mai sauƙi ce, kuma doka ta hana jami'i ya gina hujjarsa da abin da bai koya ba sai daga bayaninka.

Kada ka ɓata ƙarfinka wajen cewa hedifon na iska ko na'urar masu matsalar ji ba fanninka ba ne. A shari'ar Bigio ta 2004 an yarda a kafa hujja da buroshin haƙori a kan buroshin gashi. Duk abin da ake ɗorawa a kai don a ji sauti, da wuya a ce ya fita daga fanninka.

Koma ka karanta da'awarka ta 1

Wannan ne wurin da na fi ganin masu ƙirƙira suna tuntuɓe. Jami'i ba na'urar da ke kan teburinka yake tantancewa ba, kalmomin da'awarka yake tantancewa, kuma yana ba su fassara mafi faɗi da hankali zai ɗauka bisa bayaninka. In da'awar ta ce kawai "fuska mai sashe na farko da sashe na biyu masu bambancin tauri", to matashin hedifon mai hawa biyu ya shiga ciki daram, kuma duk bayanin da na yi a sama ba zai cece ka ba, domin kana kare abin da ba ka rubuta ba.

Na taɓa riƙe fayil ɗin wani mai irin wannan na'ura, an ƙi shi sau biyu. Amsoshin da aka rubuta kafin fayil ɗin ya zo hannuna shafi ne bayan shafi na yabon ingancin sautin. Da na ajiye da'awar kusa da zane na huɗu na takardarsa, sai na ga zanen ya nuna ƙarara cewa farantin jijjiga manne yake da abin da ke taɓa fata, kwanson kuma rataye yake a jikin roba, ba ya taɓa farantin. Da'awar ba ta ambaci ko ɗaya ba. Muka nemi ganawa da jami'in ta bidiyo. Na ɗora zanen a allo, na bi hanyar jijjigar da alƙalami daga maganaɗisu zuwa fata, sannan na ɗora zanen takardar da ya kafa hujja da ita na bi tata hanyar, wadda ta ratsa ta cikin kwanso. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce in aka rubuta wannan rabuwar a da'awar, takardun da ke hannunsa ba su kai ba, sai dai zai sake bincike. Jimla biyu muka ƙara. Gani ya kori ji, ko a harkar sauti.

Kai ma abin da nake zaton za ka ƙara ke nan: cewa sashe mai tauri yana haɗe kai tsaye da farantin jijjiga, yana kan layin da jijjigar ke tafiya, yana taɓa fata ba tare da wani abu a tsakani ba, sashe mai laushi kuma yana kewaye da shi yana haɗa shi da kwanso. In har robar tana rage jijjigar da ke kaiwa kwanso, to ka sami riba ta biyu, domin kwanson da ke rawa shi ne ke tura iska har na kusa da kai ya ji abin da kake saurare. Abu ɗaya da ya kawo jin daɗi, ya kiyaye siraran sautuka, ya kuma rage yoyo, ya wuce "aikin da aka san shi da shi".

Sharaɗin dai shi ne duk abin da za ka ƙara ya kasance yana cikin bayani ko zanen da ka shigar tun farko. Doka ta hana cusa sabon abu bayan shigarwa. Tun ran gini ran zane. Kuma ka sani duk taƙaitawar da ka yi, da duk maganar da ka rubuta wa ofishin, tana zama a fayil kowa na iya karantawa. Gobe in ka kai wani ƙara kan kwaikwayo, lauyansa zai ɗauko ta ya ce da bakinka ka sallama wannan yanki. Hukuncin Festo na 2002 a kan haka yake. Ka ƙara abin da ya wajaba kawai, kada ka ɗaure kanka da sunan wata roba ko wani awo da ba ka buƙata.

Batun ƙarfin matsewa

A nan ba zan ba ka ƙwarin gwiwa sosai ba. Kowa a fannin ya san ƙara matsewa yana gyara isar jijjiga, yana kuma jawo ciwo in an daɗe. Har ma'aunin gwajin ji na asibiti ya ƙayyade ƙarfin matsewa na Newton 5.4, wajen nauyin rabin kilo, ga na'urar jijjiga da ake ɗorawa a ƙashi. Tun shari'ar Aller ta 1955 ƙa'idar ita ce lalubo awo mafi dacewa ta gwaji na yau da kullum ba ƙirƙira ba ce. Mafitar da aka sani daga shari'ar Antonie ta 1977, wato cewa ba a san abin yana tasiri ga sakamako ba, ba za ta yi maka aiki ba, tunda an san tasirin matsewa tuntuni. Abin da zai iya ceton wannan da'awa shi ne ka nuna cewa da fuskarka, a wani ƙaramin ƙarfi da gwani zai ɗauka bai isa ba, sautin bai faɗi ba. In ba ka da wannan, bar ta a matsayin da'awa mai dogaro da ta farko, kada ka jingina nasararka a kanta.

Shaida, ba yabo ba

Maganar lauya ba shaida ba ce. In kana iƙirarin sakamako na ba-zata, sai ka kawo awo a cikin rantsuwar da ake shigarwa ƙarƙashin ƙa'ida ta 1.132 ta ofishin USPTO. Ofishin Amurka yana karɓar gwajin da aka yi bayan shigar da takarda, matuƙar yana tabbatar da siffar abin da ka riga ka bayyana. Ka kwatanta da takarda mafi kusa da kai, wato ta farko, ba da wata na'ura mai rauni da ka zaɓa a kasuwa ba. Da ni ne, samfuri uku zan ƙera da na'urar jijjiga iri ɗaya da matsewa iri ɗaya: mai fuska tauri zalla, mai fuska da laushi ya rufe ta kamar yadda haɗin jami'in zai haifar, da taka. A auna ƙarfin jijjigar da ke isa a kan na'urar awo mai kwaikwayon ƙashin bayan kunne, daga kauraran sautuka zuwa sirara, a kuma auna yoyon da makirfo a tazara ɗaya. In samfuri na biyu ya zube a siraran sautuka naka ya tsaya, ka nuna wa jami'in da lamba abin da haɗinsa yake haifarwa. Gwajin kuma ya game faɗin da'awar. In da'awar ta ɗauki kowace irin roba kai kuma iri ɗaya ka gwada, zai ce shaidar ba ta kai girman abin da kake nema ba.

Yawan ciniki ma shaida ne, amma sai ka nuna saboda wannan fuskar ake saye, ba saboda talla ko araha ko ƙarfin batir ba. Wannan alaƙa tana da wuyar tabbatarwa, shi ya sa ban cika dogara da ita ba.

Lokaci da matakai

Yau ɗin nan ka dubi ranar da ke kan wasiƙar. Yawanci wata 3 ake bayarwa, ana iya sayen ƙari har zuwa wata 6 daga ranar aikowa, bayan nan takardar ta zama yasasshiya. Shawarata ka nemi ganawa da jami'in kafin ka rubuta amsa, ka aika masa daftarin gyaran tun kafin ranar. In ya sake ƙi, wasiƙa ta biyu galibi "ta ƙarshe" ake kiranta, amma sunan ne kawai: kana iya biyan kuɗin ci gaba da tantancewa, ko ka ɗaukaka ƙara zuwa PTAB, hukumar sauraron ƙara ta ofishin. Ɗaukaka ƙara ta fi dacewa idan da'awar ta riga ta yi daidai, saɓanin kuma a kan dalilin haɗawa ne kawai. Kowane zagaye yana cin kuɗi, yana kuma iya cin wani abu daga shekara 20 ɗin da ake ƙirgawa daga ranar shigarwa. In kana da takarda 'yar'uwarta a ofishin Turai da ke Munik, can sashe na 56 na yarjejeniyar haƙƙin ƙirƙira ta Turai ne ke kan wannan batu, kuma salon ya bambanta: ana ɗaukar takarda mafi kusa, a fitar da matsalar fasaha da bambancinka ya warware, sannan a tambaya ko gwani zai yi hakan, ba ko zai iya ba. Sun fi Amurka tsanani kan ƙara abin da ba ya cikin rubutun farko.

Duk wannan na gina shi ne a kan yadda ka siffanta takardun uku, ban gan su ba, ban kuma ga da'awoyinka ba. Akwai abin da zai iya rushe hujjar gaba ɗaya: in takarda ta farko da kanta ta koka da ciwon gefen fuska ta kuma ba da shawarar a tausasa gefen, ko in ta ukun ta nuna tsakiya mai tauri da kewaye mai laushi a wani zane da jami'in bai ambata ba. Don haka ka karanta ukun daga farko har ƙarshe, ba sakin layin da ya nuna kaɗai ba, har da zanen da ke shafukan baya. Sannan ka kai su wurin lauya ko wakili mai rajista da USPTO tare da bayaninka na asali, ka ja layi a ƙarƙashin duk jimlar da ta ambaci yadda sashe mai tauri yake haɗe da farantin jijjiga, domin daga waɗannan jimlolin ne za a ɗebo kalmomin gyaran.